Su waye suka fi ƙarfin bugu a besbol ɗin Amurka a 2001?

Tambaya: Malam barka da aiki. Kwanan nan na fara kallon tsofaffin wasannin besbol a YouTube, naji ana ta zuzuta kakar 2001. Su waye suka fi kowa a lissafin sulogin a shekarar, kuma ya ma ake lissafin? Don naga Sammy Sosa ya fi Barry Bonds tara tashoshi amma Bonds aka sa a sama.

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, ai ka gano inda gizo ke saƙar. Sulogin ba yawan bugu yake ƙirgawa ba, nauyin bugun yake aunawa. In ka buga ƙwallo ka isa tashar farko maki 1 ne, ta biyu 2, ta uku 3, in kuwa ka cilla ta ta tsallake katanga ka zagayo gida, wato homran, 4 kenan, sai a haɗa duka a raba da adadin shigarka bugu.

To a nan maganar take. Sosa na Chicago Cubs ya tara 425 a shiga 577, ya tashi da .737, da homran 64. Bonds na San Francisco Giants 411 ya tara amma a shiga 476 kacal, shi yasa ya kai .863. Me ya rage masa shiga? Tsoronsa masu jifa suke, sai su dinga jefa masa ƙwallo can gefe inda sanda ba za ta kai ba har alƙali ya ce ya wuce tashar farko kyauta, sau 177 ya samu wannan wucewar kyauta a kakar, kuma wannan wucewar ba ta shiga lissafin sulogin sam. Ka duba fa, cikin bugu 156 da ya samu 73 homran ne, 49 ne kawai suka tsaya a tashar farko. Wallahi ni wannan ya fi bani mamaki akan .863 ɗin kanta.

Bayansu sai Luis Gonzalez na Arizona da .688 da homran 57, ƙungiyarsa ce ma ta ɗau kofin shekarar a hannun Yankees, sai Todd Helton .685 da Larry Walker .662 duka 'yan Colorado. Su biyun ina ɗan rage musu kaɗan a raina, filinsu na Coors a Denver yana tudun kusan mita 1,600, iska ba kauri, ƙwallo tafi tafiya nesa. Duk waɗannan 'yan gasar National League ne, ɗaya cikin gasanni biyu na MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka. A ɗaya gasar kuma, American League, Jason Giambi na Oakland ne kan gaba da .660.

In kana so ka ga bambancin ƙarara ɗauki Ichiro Suzuki, bugu 242 yayi a shekarar, ya fi Bonds nesa ba kusa ba, amma homran 8 ne, sulogin ɗinsa .457.

Bonds ya karya tarihin Babe Ruth na .847 da ke nan tun 1920. Sai dai zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya bi shi, shekara 10 sunansa na kan takardar zaɓen 'yan jarida na shiga zauren gwarzaye bai samu isassun ƙuri'u ba har 2022. Kuma a 2024 da MLB ta haɗa alƙaluman tsofaffin gasannin baƙaƙen fata cikin kundinta, .974 da Josh Gibson yayi a 1937 ta koma ta ɗaya, don haka in ka duba jadawalin yanzu ba sunan Bonds zaka tarar a sama ba.