Amsa ga mai DT 175: sanyin hunturu fetur yake nema, ba ƙarin 2T ba

Wa'alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce bakanike ya saita maka kafireton babur ɗinka, Yamaha DT 175, a watan Afrilu, ta yi ta tafiya lafiya har ƙarshen damina, amma tun shigowar hunturu in ka murɗa totur da safe sai ta yi "buuu" kamar za ta mutu, in ka saki kuma ƙarar ta ƙi saukowa da wuri, ga filogi ya yi fari. Wani kuma ya ce ka ƙara man 2T, wato man injin da ke ƙonewa tare da fetur, a tanki. Don Allah dakata da wannan ƙarin.

Yunwar fetur babur ɗinka take yi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Wadda injinka yake zuƙa da asuba a Disamba, lokacin da ma'aunin zafi yake wajen 12, ta fi ta tsakar ranar Afrilu mai zafin 40 cika da kusan kashi 10 cikin 100. Shi kuwa kafireto bai san an shiga hunturu ba, ramin jet ɗinsa, wato ɗan ramin da fetur ke bi ya haɗu da iska, yana nan yadda aka bar shi. Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru daidai da ita ba. Ga iskar hunturu a bushe take, babu danshin damina da ke rage mata ƙarfi. Bakanikenka bai yi laifi ba, saitin bazara ya yi maka.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne injin da ke ɗan jin yunwa yakan yi kaifi, ya yi ƙara mai daɗi, har ka ce babur ta warke. Ni ma haka ta cuce ni. Shekarun da nake aikin malamin gona da DT 125, wata safiya a watan Janairu na wanke soson iska tas, na kama hanyar Ningi zuwa Burra. Ashe duk makonnin baya ƙurar da ta toshe soson ce take rage iskar, take rufa min asiri. Da na wanke, iska ta samu hanya. Babur ta yi ta gudu kamar sabuwa, ina ta murna, na danne totur a wani miƙaƙƙen wuri mai yashi. Sai na ji wani ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kafin in ankara tayar baya ta ƙulle. Allah Ya sa yatsuna suna kan kuloci. Da aka buɗe, fistin ya narke ta gefen salansa ya manne da silinda. Fetur a injin da ke shan 2T ba wuta kawai yake bayarwa ba, shi ne yake sanyaya kan fistin.

Batun ƙara 2T kuwa, ga inda gizo yake saƙa. Duk abin da ka zuba a tanki ta ramin jet ɗaya zai bi. In ka tashi daga mililita 20 a lita zuwa 50, ka rage wa fetur wuri ke nan, yunwar ta ƙaru. In famfon Autolube ɗinka, mai tura wa inji 2T da kansa, na aiki, ka bar shi ya yi aikinsa. In an cire shi kana haɗawa da hannu, zaɓi awo ɗaya, misali mililita 30 a kowace lita, ka tsaya a kai rani da damina, sannan ka saita kafireto a kansa. Masu auna mai da ido, yau murfi biyu gobe uku, ba za su taɓa samun saiti ba.

Kafin ka taɓa jet, tabbatar ba iskar sata ba ce. Duba robar da ke tsakanin kafireto da inji, zafin rana yakan tsattsaga ta. Oyil sil, zoben robar da ke toshe inji ta gefen magneto, shi ma in ya mutu alamunsa iri ɗaya ne da naka, kuma babu jet ɗin da zai gyara shi. Sai ka wanke soso, ka shafa masa mai ka matse, ka bar inji ya yi zafi sosai. Gwaji mai sauƙi: ja cok kaɗan kana tafiya. In ta ƙara lafiya, yunwa ce tabbas.

Yanzu saitin. Kowane ɓangare na kafireto da yankinsa a hannun totur. Daga silo zuwa kwatan totur, ƙaramin jet ne da sukurun iska. Wannan "buuu" da kake ji da ƙarar da take ƙin saukowa, galibi daga nan suke. A irin kafireton kamfanin Mikuni da ke kan DT, ɗaure sukurun yana rage iska, kwance shi yana ƙarawa. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa, ban da matsewa, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, sannan ka riƙa shigar da shi kwatan zagaye a kowane karo kana sauraro har totur ya amsa ba gardama. In sai da ka kai ƙasa da zagaye ɗaya kafin ta yi daidai, ƙaramin jet ɗin ya yi maka kaɗan ko ya toshe.

Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce ke mulki, kuma a nan mai hawa a daji yake yini. Tana da gurbi biyar a samanta da ɗan kilif. In ka sauko da kilif gurbi ɗaya, allurar ta ɗaga, fetur ya ƙaru. Mutane da yawa suna juya wannan lissafin. Ni duk Nuwamba nake saukowa da gurbi ɗaya, in mayar a Maris. Shimfiɗa tsumma kafin ka cire kilif ɗin, in ya yi tsalle cikin ƙasa sai dai haƙuri.

Babban jet nasa daga kashi uku cikin huɗu ne zuwa ƙarshen totur, kuma shi ne mai kashe inji. Karanta lambar da ke jikinsa. In 140 ka gani, nemi 145 ko 150. Lambobin Mikuni da na kamfanin Keihin ba ɗaya ba ne, saboda haka tafi shago da naka a hannu. Kar ka yarda a buɗa maka ramin da waya ko allurar ɗinki, daga ranar lambar ta zama ƙarya. Gwajinsa: sa sabon filogi, ka danne totur a giya ta huɗu ko ta biyar na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe inji a take ba tare da ka bar shi ya yi silo ba, ka cire filogin. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara muke nema. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Na san za ka ce ai da rana zafi yakan dawo. Haka ne, a hunturu tazarar asuba da azahar tana da yawa, kuma ba mai kwance kafireto sau biyu a yini. Ni don sanyin safiya nake saitawa. Da rana za ta ɗan yi nauyi, ta yi hayaƙi, wataƙila filogi ya yi baƙi. Filogi dai a aljihu ake yawo da shi, fistin da gyaran silinda kuwa kuɗin wata ne. In nauyin ya dame ka, kwance sukurun iska kwatan zagaye ya isa.

Tudu kuma akasin sanyi yake yi. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta kai ta Kano nauyi ba, don haka hawa can yana rage buƙatar fetur, wani lokaci sanyin garin da tsayinsa su kusa cinye juna. Haɗarin yana wajen saukowa: babur da aka saita a Jos ko Mambila, a kawo ta Gashuwa cikin hunturu, yunwa biyu ce ta haɗu. Fetur ɗin 'yan bumburutu ma a kula, in an sirka shi da kananzir zai kawo ƙyas-ƙyas ko da saitinka daidai ne.

Ka fara da robar nan da sukurun iska, ka sauko da kilif gurbi ɗaya, kuma kar ka danne totur har ƙarshe da safe sai ka samu babban jet. Turo mana lambar da ka gani a jikin naka da hoton filogin bayan gwaji, sannan ka faɗa min ko famfon Autolube yana nan ko an cire.