Amsa ga mai neman sufanar awo don gyaran babur a gida

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na saurari tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya hana ni amsawa sai yanzu. Ka ce ka ga wata babbar sufanar awo, wadda makanikai ke kira tok-renc, wato sufanar da ke auna ƙarfin ɗaurin noti, a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, mai bakin rabin inci, tana auna daga niyuton-mita 40 zuwa 210 (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), kuma kana son sanin ko kamfanin da ya ƙera ta na kirki ne. A fahimtata ba sunan kamfani ne ya dame ka ba, so kake ka sayi guda ɗaya tak wadda za ta ɗauke maka duk aikin babur ɗinka Boxer a gida. To wannan da ka gani ba za ta yi ba, ko da wane ne ya ƙera ta, domin ta fi dacewa da notin tayar mota.

Ka duba jikin injinka da kyau. Yawancin notocin da ke riƙe da murfinsa ƙanana ne, masu kaurin milimita 6, kuma ɗaurinsu bai wuce wajen niyuton-mita 10 ba, wato abin da ake rubutawa Nm. Fulogi yana tsakanin 10 da 20 gwargwadon kaurinsa, notin zubar da baƙin mai kuwa galibi ashirin da wani abu ne. Sufanar da ta fara ƙirga daga 40 ba ta ma san da zamansu ba. Bayan haka, irin wannan sufana ba a cika dogara da awonta ba sai daga kashi ɗaya cikin biyar na iyakarta zuwa sama, kuma a nan ne masu ƙera ta suke alkawarin kuskuren da bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Saboda haka ka fara da ƙarama mai bakin kwatan inci, wadda ke auna daga 5 zuwa 25.

Abin da ya sa nake nanata ƙananan nan, ni ya taɓa ci. Shekarun baya na kai babur ɗina wurin wani makanike a nan Kumasi don canjin mai kawai, aikin da bai kai minti goma ba. Ina tsaye yaron shagon ya zura bututun ƙarfe a hannun sufana don ya ƙara mata tsawo, ya danna da dukan ƙarfinsa. Na yi magana, maigidansa ya ce mini su ne suka san aiki. Washegari da asuba na fito zan tafi masallaci, sai ga baƙin mai ya yi tabo a simintin ƙofar ɗaki. Da na kwance notin, zaren ramin da notin ke shiga a jikin injin ne ya biyo shi, ya nannaɗe a jikinsa kamar siririyar waya mai ƙyalli, domin noti ƙarfe ne, gangar injin kuwa alminiyom ce, kuma mai taushi shi ke shan kashi. Sai da aka sake huda ramin aka dasa sabon zare, babur ya yi kwana uku a ajiye, ni na biya, kuma har yau mutumin nan bai ce mini yi haƙuri ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, cewar da ya yi wai dama can zaren ya gaji, alhali da idona na ga bututun.

Bari in gyara maganata ta ɗazu. Na ce ka fara da mai 5 zuwa 25, amma ka buɗe littafin babur ɗinka tukuna. Idan notin mai ya haura 25 a can, kuma kuɗin guda ɗaya kake da shi, to mai bakin uku bisa takwas da ke auna daga 10 zuwa 60 ta fi yi maka amfani, sai dai ka san cewa a kan 10 ɗin tana bakin iyakarta ne. Notin gatarin tayar baya, wanda ke buƙatar ɗauri mai nauyi, ba kullum ake taɓa shi ba, ranar da ka tashi ka zo ka ari tawa babba.

Game da iri, akwai mai yin ƙas idan ɗauri ya kai, akwai mai allura da ake karantawa, akwai kuma mai batir. Mai ƙas ɗin ta ishe ka. Da zarar ka ji ƙas ka tsaya, kada ka ƙara ko kaɗan, kuma ka sani a ƙaramin awo ƙarar ba ta da ƙarfi, a tafin hannu ake jin ta. In ka gama ka mayar da ita awonta mafi ƙanƙanta don kada sifirin ɗin ciki, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen nan, ya saki, kuma kada ka kwance noti da ita. Ka lura da layin da kake karantawa, domin wasu suna da layi biyu, ɗaya na Nm ɗaya na wani ma'auni da ake kira fam-ƙafa, kuma fam-ƙafa 1 daidai yake da Nm 1.36, don haka wanda ya bi layin fam-ƙafa a maimakon na Nm zai zarce da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Tunda a Magazine za ka saya, wataƙila ma ta hannu ce, to ka gwada ta. Idan mai 10 zuwa 60 ce, ka matse bakinta a mamatsin ƙarfe tana kwance a miƙe, ka saita ta a 29, sannan ka rataya jakar fiya wata guda, mai leda 30 na rabin lita, wato kilo 15, a nisan santimita 20 daga tsakiyar bakin. Lissafin yana ba da Nm 29 da ɗan ɗori, don haka ya kamata ta yi ƙas a wajen nan. Wannan gwaji ba ya maye gurbin na'urar masu gyaran awo, amma yana tona asirin wadda ta lalace sarai. Ka roƙi mai shagon ya yarda ka mayar idan ta faɗi gwajin, kuma ka turo mini hoton shafin ɗaurin notoci na littafinka kafin ka biya ko sidi ɗaya.