Wayarin V-boot a cikin tsohuwar Marsandi: a ɗauka ko a ja sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Marsandi 200 ƙirar W123 ta 1982, mai kafireto, wadda na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bodinta lafiya lau, injin ne ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Na samu V-boot E220 ta 1994 da aka daka ta baya, injinta kuwa ko ƙwarzane babu. Makanikina ya ce zai ɗora min shi, sai dai shi da mai wayarin sun saɓa. Ɗaya ya ce a kwashe wayarin V-boot ɗin kaf a zuba a tawa, ɗayan ya ce a watsar a ja sabo. Wa zan bi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan.

Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Mota irin wannan wayarin biyu gare ta ko da yake a ido kamar ɗaya ne: akwai na inji, wanda ya tashi daga birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji) ya bi nozul da kwayil da sensa-sensa, akwai kuma na bodi, mai kula da fitilu, hon, wafa, gilasai da dashbod. Na injin za ka ɗauka. Na bodin ka bar shi inda yake, ita ma taka kar a taɓa nata. Wayarin bodin V-boot an auna shi ne da tsawon V-boot da sokit-sokit ɗinta, in aka ce sai an cusa shi a W123 to sai an farke dashbod ɗin Baba gaba ɗaya, a ƙarshe ka samu motar da ba ita ba ce, ba kuma waccan ba.

Jan sabo daga tushe kuwa ba abin wasa ba ne a wannan injin. M111 ne, mai bawul 16, kuma birenbos ɗin Bosch ne ke lissafa masa mai da wuta bisa iskar da ya shaƙa. Bakin birenbos ɗin kaɗai ƙafafu ne barkatai, kowace da inda take zuwa. Wasu wayoyin, kamar ta sensar da ke karanta juyin inji, suna da rigar ƙarfe a ciki don kada wutar fulogi ta rikita saƙonsu. Kamfani ya riga ya yi wannan aikin, ya kuma gwada shi. Me zai sa a sake?

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne dalilin da ya sa ban ce maka kawai "ɗauka" na yi shiru ba. Motar da ka samu ta faɗo daidai cikin shekarun da Mercedes ta yi kuskuren da masu wayarin ba za su manta ba. Daga wajen 1992 zuwa 1996 sun lulluɓe wayoyin inji da wata roba da aka yi ta don ta ruɓe cikin sauƙi bayan an yar da mota, saboda kare muhalli. Sai robar ta ƙi jiran a yar da motar, ta fara ruɓewa tun tana kan titi, musamman inda zafi ya fi yawa. Abin da ya gagara jure sanyin Jamus, ka ƙiyasta yadda zai kasance bayan ya sha ranar watan Afrilu ta Zariya shekara da shekaru.

Daga waje ba za ka gane ba, don baƙar rigar da ta naɗe su takan yi kyau abinta. Ka sa mai wayarin ya ɗauki reza ya tsaga rigar kamar tsawon ɗan yatsa a wurare biyu ko uku: kusa da nozul, kusa da kwayil, da bakin mitar iska. Ya kama waya ɗaya ya lanƙwasa ta. In ta lanƙwasu ta dawo, madalla. In ta yi ƙas ta zubo masa a tafin hannu kamar garin ƙuli-ƙuli, jan ƙarfen ya fito tsirara har ya soma kore, to wannan wayarin ya gama yawo. Haɗarinsa ba rashin sulo ba ne kawai. Wayoyin kwayil in suka taɓa juna suna iya ƙona birenbos ɗin ɗungurungum, kuma shi ne abu mafi wuyar samu a cikin kayan. Ku duba har wayar da ta shiga jikin maƙogwaron iska, da ta ƙasa mai zuwa kik da altaneta, duk cuta ɗaya ke cin su.

Akwai kuma 'yar takarda manne a jikin wayarin, mai ɗauke da lambar kaya da lokacin da aka ƙera shi. Da yawa daga motocin nan an canza musu wayarin tun a Turai kafin su iso mana. In ka ga shekarar ta nuna 1998 ko bayanta, ka yi sa'a, gyararre ne.

In ya ruɓe fa? Ko a nan ban yarda a jefar ba. A shimfiɗa shi a kan faffaɗan katako, a kafa ƙusa a kowace mararraba don siffarsa ta tsaya, sannan a riƙa zare waya ɗaya ana maye ta da sabuwa mai kauri ɗaya, ana barin sokit ɗin asali. Ɗaya bayan ɗaya, ba a kwance duka a zo ana cankar wace ce wace ba. Wayar mota za a saya, mai silli-silli da yawa mai jure zafi, ba ta wayarin gida ba. Aikin kwana biyu ko uku ne ga mai haƙuri. Ka ga a nan mai cewa a ja sabo ya ci rabin gardamar, sai dai tsohon ne zai zama malaminsa.

Kafin a sa sifana a V-boot ɗin, in tana tashi a tayar da ita ka ji da kunnenka, don in ta ƙi tashi bayan an ɗora ku san laifin daga aikinku yake. A ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa, a manna takarda a kowane sokit a rubuta sunansa. Kada ka bar yaran gareji su shiga da filaya, domin a wurinsu cire wayarin da datse shi duk ɗaya ne. Birenbos ɗin yana bayan batir, a ƙarƙashin murfin roba, kuma a nan kusa akwai wani rile mai fis a kansa wanda ke ba shi wuta yana kare shi daga wutar da ta wuce kima. Mutane kan manta da shi, su zo suna neman abin da ya hana inji sulo. A haɗo da rilen famfon mai, da famfon kansa da matatarsa, da mitar iska, da sensar salansa, da sokit ɗin da ake jona na'urar gwaji. Fulawil ma kar a musanya shi da na tsohon inji, don a jikinsa sensa take karanta juyi. Makulli da gidansa su ma ka karɓo. Daga tsakiyar shekarun 1990 Mercedes ta fara ɗaure birenbos da makulli, a Jamus ma doka ta wajabta hakan ga sabbin motoci daga 1998, saboda haka in wata rana aka kawo maka birenbos na baya-bayan nan shi kaɗai, kik zai yi ta juyawa a banza.

Haɗa wayarin biyu ba shi da yawa yadda ake tsoro, kuma Jamusawa sun sauƙaƙa mana da lambobi iri ɗaya a motocin biyu. 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 50 ta kik, 31 negatif mai kama bodi, wadda a motocinsu ruwan ƙasa ce kullum, sai 61 ta fitilar caji. A kan 15 ɗin nan ake yawan faɗuwa. An taɓa jawo min wata mota da igiya bayan ta yi mako biyu a wani gareji, an canza kwayil, an canza famfo, har an fara zargin birenbos. In aka tura ta sai ta tashi, da makulli kuwa ko tari. Na sa fitilar gwaji na ce yaro ya murɗa: wuta ta zo, yana kai wa kik ta ɗauke. Ashe a wayar rediyo aka jona birenbos, ita kuwa an yi ta ne ta mutu lokacin da kik ke aiki. Waya ɗaya muka matsar.

Kada a ɗora wa akwatin fis na W123 wannan sabon nauyi. Fis ɗinta irin na da ne masu kama da harsashi, bakinsu na yin tsatsa, nasu aikin ma da ƙyar suke ɗauka. A kafa ƙaramin akwati dabam kusa da batir, inji ya ci daga can. Wayar caji a ƙara mata kauri tunda sabuwar altaneta ta fi tsohuwar ƙarfi, a kuma sa negatif mai kauri daga inji zuwa bodi, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Duk inda aka yi jonin waya a like shi da dalma a sa robar da ke tsukewa da zafi. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif, damina ɗaya ce ke tona shi.

Agogunan dashbod ɗinka su zauna. A ɗaura tsohuwar sensar zafi a sabon injin don allurar ta faɗi gaskiya. Agogon baƙin mai na W123 kuwa ba waya ke tafiyar da shi ba, siririn bututu ne ke kai man har bayan dashbod, sai a nema masa mahaɗi a jikin M111.

Abu ɗaya da ba zan sassauta a kai ba shi ne famfon mai. Injin nan yana son matsin da ya kai 3 zuwa 4 a ma'aunin "bar", nesa da abin da kafireto ya saba, don haka tiyo da maɗaurai duk sai an canza su zuwa masu jure matsi. Za a ce maka a jona famfon kai tsaye da makulli, wai ya fi sauƙi. Kar ka yarda. In birenbos ne ke riƙe da rilen, inji na mutuwa famfo ke tsayawa. In makulli ne, ko mota ta kife tiyo ya fashe, fetur zai ci gaba da feshi har sai wani ya kai hannu ya kashe. Ranar da za ka karɓi motar, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen tanki. Famfon ya yi 'yar ƙara na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yi shiru. In ya ci gaba da kuka, ka mayar musu da makullin su sake aikin.