Tambayi Sista: Allura ta soke ni ina ɗaure ledar shara

Tambaya: Assalamu alaikum Sista. Wata biyu ke nan da na samu aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti. Jiya ina ɗaure baƙar leda, na danna ta da hannu don bakinta ya haɗu, sai allura ta huda safar hannuna ta soke ni a yatsa. Da na faɗa, aka ce laifina ne, wai ya kamata in riƙa tsince sharar kafin in ɗaure. Haka ƙa'idar take?
Wata mai shara

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na riga na amsa miki ranar da saƙonki ya iso, don maganar ba ta jira, amma zan maimaita saboda sauran masu karatu. Duk wanda allurar da aka yi amfani da ita ta soka, ya wanke wurin da sabulu da ruwa, kada ya tsotse, kada ya matse, ya ga likita a ranar. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, kuma kwana 28 ake sha. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ciwon hanta ne nau'in B: idan wanda aka yi wa allurar yana ɗauke da shi, haɗarin kamuwa na iya kaiwa kashi 30 cikin 100, na HIV kuwa kusan 0.3 ne.

To, batun laifi. Wanda ya ce ki tsince shara da hannu bai san ƙa'ida ba, ko kuma ya sani yana kare kansa. Ana rarrabe sharar asibiti ne a hannun wanda ya samar da ita, a lokacin da ya samar da ita. Wanda ya yi allura shi zai jefa ta cikin akwatin allurai nan take, ba tare da ya mayar mata da murfi ba, domin wajen mayar da murfin ne ma'aikata da yawa suke soke kansu. Da zarar abu ya faɗa leda, ba mai sake sa hannu ya ciro shi. Idan aka ga audugar jini a cikin baƙar leda, ledar gaba ɗaya ta zama mai haɗari, sai a zura ta cikin ta ruwan ɗorawa.

Tsarin launukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai ba wuya. Baƙa ta sharar yau da kullum ce, takardu da kwalaye. Ruwan ɗorawa ta duk abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki ce: bandeji, auduga, safar hannu. Ruwan ƙasa ta ragowar magunguna da sinadarai ce. Allura, reza da fasasshiyar kwalba kuma akwatinsu daban, wanda ba ya hujewa. Wasu ƙasashen suna ƙara ja, don haka ki dubi abin da aka liƙa a bangon asibitinku. Hukumar ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da haɗari, 15 ɗin nan ce matsala, amma allura ɗaya ta isa ta ɓata leda guda.

Kuskurenki ɗaya ne, shi ne dannawar. Ni ma na yi shi ina sabuwar ma'aikaciya, na sa gwiwa na danne leda a ɗakin haihuwa, wata tsohuwar sista ta daka min tsawar da har yau ina jin ta a kunnena. Leda ko akwati in ya kai kashi uku cikin huɗu, an gama da shi. A ɗaure, a rubuta sashe da kwanan wata, a ɗauke ta ta wuyanta nesa da ƙafa, kada a rungume, kada a ɗora a kai. A inda ake zafi kuma, kada shara mai cuta ta wuce awa 24 a ma'ajiya lokacin zafi, ko 48 lokacin sanyi.

Wataƙila wata rana a ce ki tara ta bayan gini ki cinna mata wuta. Wannan ba ƙonawa ba ce. Injin ƙona shara na gaske yana kaiwa digiri 850 zuwa sama. Ƙaramar wuta kuwa ba ta cinye allura, robar ƙarin ruwa kuma tana fitar da hayaƙi mai guba. Ma'aunin zafi mai zaiba da gwangwanin feshi ba sa shiga wuta ko kaɗan.

Ki koma wurin shugabar ma'aikatan jinya ki nemi a rubuta abin da ya same ki, da rana da sashen da ledar ta fito. Ki roƙi safar roba mai kauri da takalmin roba, wannan siririyar ta duba marasa lafiya ba ta aikinki ba ce. Sannan ki tambayi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, sau uku ake yin ta cikin wata shida. Ki rubuto min bayan gwajin jininki na gaba.