Na kira sunan Yesu, amma mahaifiyata ba ta warke ba

Tambaya: Fasto, mahaifiyata ta yi wata takwas a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Kullum ina mata addu'a da sunan Yesu, ba sauƙi. Wata maƙwabciyarmu ta ce akwai zunubin da Mama ba ta furta ba, kuma shan magani rashin bangaskiya ne. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwata, sannu da jinya, Ubangiji ya ba Mama lafiya. Kafin komai, kada ku daina ba ta maganinta. Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14), kuma masu bishara ne suka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, suna addu'a suna ba da magani a wuri ɗaya.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Sunan Yesu daga Ibraniyanci ya fito, ma'anarsa "Ubangiji yana ceto", mala'ika kuwa ya faɗa wa Yusufu dalilin sa masa shi: zai ceci mutanensa daga zunubansu (Matiyu 1:21). Gafara ce aka fara ɗaura wa sunan nan. A Kafarnahum ma, da mutum huɗu suka huda rufin gida suka zuro wani shanyayye, ciwo irin na Mama, kalmar farko da Yesu ya faɗa masa ita ce an gafarta masa zunubansa. Sai daga baya ya ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa (Markus 2). Ina son wannan labari ƙwarai, domin Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, har da ta waɗanda suka ɗauko shi. Wahalar da kike sha a bakin gadon Mama ba ta ɓoye masa ba.

Sai dai sunan ba laya ba ne. Dogari in ya yi magana da sunan sarki, ana jin sa ne saboda sarkin da ya aiko shi. Bitrus ya ta da gurgu mai shekara fiye da 40 a ƙofar Haikali da sunan Yesu Banazare, nan take ya hana jama'a zuba masa ido kamar ikonsa ne (Ayyukan Manzanni 3). A Afisa kuwa, 'ya'ya bakwai na wani babban firist sun ari sunan don su fitar wa wani mutum aljani, ba su san mai sunan ba. Mai aljanin ya auka musu, suka gudu tsirara da raunuka (Ayyukan Manzanni 19:13-16).

Maganar maƙwabciyarki ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Almajirai sun taɓa tambayar Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:3). Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Har abokin tafiyarsa ya bari a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20). Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Gafara dai alkawari ce tabbatacciya ga duk wanda ya gaskata (Ayyukan Manzanni 10:43). Warkarwa kuwa muna roƙonta da dukan zuciya, lokacinta da hanyarta suna hannunsa. Ki kira dattawan ikkilisiyarku su zo gida su shafa wa Mama mai da sunan Ubangiji, su yi mata addu'a, kamar yadda Yakubu 5:14 ya umarta. In akwai abin da ke damun zuciyarta, a ba ta sarari ta faɗa da kanta, kada kowa ya matsa mata. Ranar da za a gasa mata jiki kuma ki kai ta asibiti, ki nemi matan zumunta su riƙa karɓar ki a jinyar, ke ma ki samu barci.