Kajina sun yi ƙiba da zogale, me ya sa aka ce ba bincike ba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aikin gona ce a ajin ƙarshe, a Hotoro nake zaune. Na sayi 'yan tsaki 40, ina haɗa musu garin zogale a abinci, cikin mako shida suka yi ɓul-ɓul. Malamin da ke duba aikina ya ce kiwo na yi, ba bincike ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, malaminki bai zalunce ki ba. Burola, wato kazar gidan gona da ake kiwo don nama, ko ba ta taɓa ganin zogale ba, a mako shida za ta yi ɓul-ɓul. To naki da waɗanne kika gwada su? Da kin ware wasu a gefe, ƙyanƙyasa ɗaya, abinci da ruwa da rigakafi duk ɗaya, zogalen kaɗai aka hana su, da tazarar da ke tsakaninsu ce za ta ba ki amsa. Dabarar ba ta yau ba ce. Abubakar al-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ya fitar wa wasu masu alamun sanƙarau jini, ya bar wasu da gangan don ya ga bambanci. Maganin nasa an daɗe da barinsa, amma barin wasu a gefe har gobe ana yi.

Wajen rabon ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ki zura hannu cikin kwali, ki lura da ɗan tsakon da kika fara kamawa: mai sanyin jiki ne, masu kuzari sun tsere lungu. Idan 20 na farko suka tafi ɓangare guda, kin tara raunana wuri ɗaya tun kafin a ɗanɗana zogale. Saboda haka ki ɗaura wa kowanne lamba a ƙafa, ki rubuta lambobin a 'yan takardu, ki zuba a kwano, ƙanenki ya riƙa zarowa. Ƙuri'a ba ta da 'yan lele. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a gonar bincike ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya mayar da wannan ƙa'ida a gwajin gona.

Sai kuma keji, kuma a nan zan ɗan ja ki. A ce keji biyu kika yi, ɗaya kusa da taga, ɗaya ƙarƙashin kwanon rufin da rana ke duka. Kin san zafin Kano a watan Afrilu, yakan haura digiri 40, kaza kuwa in ta ji zafi sai haki, ci ya ragu. Idan na bakin taga suka fi nauyi, iska ce ko zogale? Ba mai iya rantsuwa. Kaji 20 da ke ci a mazubi ɗaya, a lissafin bincike shaida ɗaya ne. Ki yi keji 8, kowanne kaji 5, huɗu da zogale huɗu babu, wurin ajiye kowanne ma ƙuri'a ta zaɓa. Matsakaicin nauyin kowane keji shi za ki kai wa mai lissafi.

Awo kuma da sikeli. Ɗaga kaza a jinjina a hannu sai a kasuwa wajen ciniki. Rana ɗaya kowane mako, da safe kafin a zuba abinci. Ki auna abincin da kika zuba da wanda ya saura, wadda ta mutu ki rubuta ta da ranarta, kada ki share. In da hali, mai awon ya zama bai san kejin da ke cin zogale ba, don ido yakan ga abin da zuciya ke so.

Tun kafin 'yan tsakin su iso, ki rubuta hasashenki da adadin zogalen, misali kashi 5 cikin 100 na abinci, malaminki ya sa hannu. In a ƙarshe ba a ga bambanci ba, haka za ki rubuta, shi ma sakamako ne.

Waɗannan 40 ɗin ki sayar, kuɗin ya sayo na gwajin. Idan kin rubuta nauyinsu, ki ajiye takardar, za ta shiga babin share fage.