Donot mai shan mai da ƙamshin wardi

'Yar'uwa, kin ce donot ɗinki yana shan mai, ruwan wardin kuma yana sa shi ɗaci.

Shan mai daga wuta yake. Ki bari man ya kai digiri 175. In kin jefa ɗan kwaɓi ya taso nan take, ya yi. A zafin Gombe kwaɓi kan tashi da wuri, kada ki bari ya zarce, nan ma mai zai sha.

Wardin kuwa, rabin ƙaramin cokali ya isa a haɗin garin sukari da madara da za ki tsoma donot a ciki. Ki sayi na girki, ba na kwalliya ba. Ki tsoma donot da ɗuminsa, ki barbaɗa soyayyar gyaɗa ko riɗi kafin ya bushe. Ni na fi son riɗi.

Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ya ga likita tukuna.